Yevgeny Polivanov

Yevgeny Dmitrievich Polivanov (12 ga Maris 1891 – 25 ga Janairu 1938) masanin kimiyyar harshe ne ɗan ƙasar Rasha, kuma yana cikin waɗanda suka aza harsashin nazarin Japananci na zamani a jami'o'in ƙasar. An fi saninsa da binciken da ya yi a kan karin sauti da kare-karen harshen Japananci, da tsarin rubuta kalmomin Japananci da haruffan Rashanci wanda har yau ake kira da sunansa, da kuma aikinsa a kan harsunan Asiya ta Tsakiya, musamman Uzbek da Kirgiz da Dungan. A 1929 ya fito bainar jama'a ya ƙalubalanci ra'in Nikolai Marr, wanda a lokacin hukumomin Tarayyar Sobiyet ke mara wa baya, abin da ya jawo masa rasa muƙamansa a Mosko. An kama shi a 1937, aka harbe shi a farkon 1938 bisa zargin yi wa Japan leƙen asiri. Kotun Ƙolin ƙasar ta wanke shi daga zargin a 1963.

Haihuwa da tasowa

An haifi Polivanov a birnin Smolensk da ke yammacin Rasha. Gidansu gidan masu asali ne, amma dukiya ta riga ta ƙare kafin zuwansa duniya. Mahaifinsa ma'aikacin hukumar jirgin ƙasa ne, mahaifiyarsa kuma marubuciya ce mai aikin fassara. Yana yaro iyalin suka koma Riga, babban birnin Latbiya a yau, inda ake jin Rashanci da Jamusanci da harshen Latbiya a titi ɗaya. A can ya kammala sakandare a 1908. Tun yana matashi ya rasa hannunsa na hagu, kuma da hannu ɗaya ya yi duk rubuce-rubucen da aka san shi da su.

Karatun jami'a

A 1908 ya shiga tsangayar tarihi da nazarin harshe ta Jami'ar St. Petersburg. Babban malaminsa shi ne Jan Baudouin de Courtenay, masani ɗan Poland wanda yake cikin na farko da suka fayyace abin da ake kira ƙwayar sauti, wato sautin da masu harshe ke ɗauka a matsayin abu guda kuma yake bambanta ma'anar kalmomi, ko da furucinsa na sauyawa daga muhalli zuwa muhalli. Ya kuma yi karatun ilimin furuci a wurin Lev Shcherba, wani almajirin Baudouin. Abin da wannan makaranta ta fi nanatawa shi ne cewa harshe yana bakin masu magana da shi da kunnuwansu, rubutu kuwa yana biye ne a baya.

A daidai lokacin da yake jami'a, Polivanov ya yi rajista a wata kwaleji ta daban da ke koyar da harsunan Gabas don amfanin yau da kullum, ya zaɓi sashen Japananci. Zaɓin ya dace da zamanin. Japan ta ci Rasha da yaƙi a 1904 zuwa 1905, kuma gwamnati da 'yan kasuwa sun gane cewa suna da ƙarancin mutanen da ke jin harshen maƙwabciyar tasu. Ya gama kwalejin a 1911, ya gama jami'a a 1912, aka riƙe shi a sashen kwatanta harsuna don ya shirya zama malami.

Haɗa waɗannan karatu biyu shi ne abin da ya ware shi daga tsararsa. A jami'o'in Turai na wancan lokaci, nazarin harsunan Gabas yawanci karatun tsofaffin littattafai ne: ɗalibi ya haddace dubban haruffan Sinanci, ya karanta nassi, ya fassara. Masana kimiyyar harshe kuwa sun duƙufa a kan dangin harsunan Indiya da Turai, irin su Sanskirit da Girkanci da Latin da harsunan Silab. Ba kasafai ake samun mutum ɗaya da ya mallaki ɓangarorin biyu ba. Polivanov ya ɗauki kayan aikin da ya samu a wurin Baudouin ya gwada su a kan harshen da ba a taɓa yi masa irin wannan awo ba. A shekarun Yaƙin Duniya na Ɗaya ya fara koyar da Japananci a tsangayar harsunan Gabas ta jami'ar, a birnin da a lokacin aka sauya wa suna zuwa Petrograd.

Masu rubuta tarihinsa sukan ambaci harsuna 18 da ya iya, ciki har da Faransanci, Jamusanci, Ingilishi, Latin, Girkanci, Sinanci, Japananci, Tajik da harsunan Turkawa da dama. Waɗanda ya yi rubutun bincike a kansu sun zarce haka.

Bincike a Japan

Tsakanin 1914 da 1916 Polivanov ya yi tafiye-tafiyen bincike zuwa Japan. Bai tsaya a Tokyo kawai ba. Ya zauna a ƙauyen masunta na Mie kusa da Nagasaki, ya yi aiki a Kyoto, ya kuma je yankin Tosa da ke tsibirin Shikoku, yana sauraren mutane yana rubuta yadda suke furta kalmomi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne karin sauti. Rubutun Japananci yana amfani da haruffan Sinanci da ake kira kanji tare da jerin alamomin gaɓa guda biyu, hiragana da katakana, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ke nuna hawa da saukar murya. Turawa da yawa da suka rubuta nahawun harshen sun saba da irin ƙarfin furucin da ake ɗora wa gaɓa ɗaya a Ingilishi ko Rashanci. Da ba su ji shi a Japananci ba, sai wasunsu suka ɗauka cewa duk gaɓoɓin kalma a miƙe suke. Ga mai jin Hausa abin ba baƙo ba ne: kuka na hawaye da kuka ta miya, ko fara ta soma aiki da fara mai cin amfanin gona, karin sauti ne ya raba su, alhali rubutun boko bai nuna shi ba. Haka lamarin yake a Japananci. A karin Tokyo, kalmar hashi tana nufin tsinken cin abinci idan murya ta fara daga sama ta sauka, tana nufin gada idan ta fara daga ƙasa ta hau. Kalmar ame ma haka: ruwan sama ko alewa, gwargwadon inda murya ta faɗi.

Wasu masana 'yan Japan sun riga sun lura da wannan, har an sami ƙamus da ya sa wa kalmomi alamar karin sauti a ƙarshen ƙarni na 19. Gudummawar Polivanov ita ce ya ɗauki karin sauti a matsayin tsari mai dokoki, ya ware abin da ke bambanta ma'ana daga abin da yake bin muhalli kawai, sannan ya kwatanta tsarin wani yanki da na wani. Ya nuna cewa tsarin Kyoto ya fi na Tokyo yawan rabe-rabe, kuma sau da yawa su biyun suna juya wa juna baya: hashi mai nufin gada a Kyoto daga sama take farawa, mai nufin tsinke kuma daga ƙasa. A yankin Nagasaki kuwa ya tarar da tsari mai sauƙi inda kowace kalma, komai tsawonta, take faɗawa cikin ɗayan rukuni biyu. Tunda bambance-bambancen suna tafiya bisa ƙa'ida, ana iya amfani da su a gano yadda tsohon harshen yake kafin kare-karen su rabu. Wannan ita ce hanyar da masu nazarin tarihin Japananci suka ci gaba da bi bayansa, musamman a Japan kanta.

Ya wallafa maƙala a kan karin sautin Tokyo a 1915, sannan littafi a kan kare-karen Japananci a 1917. A wannan tsakanin yana cikin ƙungiyar OPOYAZ, wadda ta haɗa matasan masu nazarin harshen waƙa irin su Viktor Shklovsky da Lev Yakubinsky. A kundinsu na 1916 ya rubuta maƙala a kan kalmomin amsa-kama na Japananci, irin su pika-pika mai nuna walƙiya, waɗanda harshen yake da su jingim.

Asalin Japananci

Daga nazarin sauti ya tsallaka zuwa tambayar da har yau ba a gama warware ta ba, wato dangin da Japananci ya fito. Ra'ayinsa shi ne harshen gauraye ne: wani ɓangare ya zo daga kudu, daga dangin harsunan Malay da tsibiran tekun Fasifik, wani kuma daga nahiyar Asiya, daga abin da ake kira dangin Altai. A wata maƙala ta 1918 ya kwatanta ɗafa-goshin ma- na Japananci, wanda ke ƙarfafa siffa kamar a makkuro, wato baƙi ƙirin, da makamancinsa a harsunan kudu. Ya kuma kawo shawarar cewa wasu kalmomin da murya ke faɗuwa a ƙarshensu a karin Kyoto sun taɓa ƙarewa da baƙin m wanda ya ɓace, ya ba da misalin asa, safiya, da takwararta achim a harshen Koriya. A 1927 ya rubuta maƙala yana danganta harshen Koriya da dangin Altai.

A nan ne aikinsa ya fi tsufa. Yawancin masana a yau suna sa Japananci da harsunan tsibiran Ryukyu a ƙaramin dangi nasu na kansu, kuma da yawa suna shakkar ko akwai dangin Altai ma gaba ɗaya. Duk da haka, batun ɓataccen baƙin m bai fita daga muhawara ba, kuma hanyar da ya bi ta kafa hujja da daidaiton sautuka ita ce dai hanyar da ake bi wajen amincewa da ra'ayin nasa ko ƙin sa.

Tsarin Polivanov

A 1917 ya fitar da tsarin rubuta kalmomin Japananci da haruffan Rashanci. Tsarin da ya fi yaɗuwa a ƙasashen Yamma, na Hepburn, ya dogara ne da kunnen mai jin Ingilishi, shi ya sa yake rubuta shi da chi da ji. Polivanov ya lura cewa sautin sh na Rashanci mai kauri ne, ya yi nisa da lallausan sautin Japananci, kuma a tsarin harshen kansa wannan sauti s ne da ya sauya saboda wasalin i da ke biye, kamar yadda jerin sa, shi, su, se, so ya nuna. Don haka ya zaɓi haruffan da ke daidai da si da ti da dzi. Dalilin da ya sa Rashawa ke cewa Hirosima ke nan. Tsarin ya zama abin da ake bi a taswirori da littattafan makaranta da kundayen ilimi na ƙasar. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet, kalmomi sun riƙa shigowa ta hanyar Ingilishi, har aka sami taƙaddama mai tsawo a kan ko abincin nan susi ne ko sushi. A kasuwa sushi ya yi nasara, a ajin koyon Japananci kuwa tsarin Polivanov ne ke aiki.

Juyin juya hali

Lokacin da 'yan Bolshevik suka karɓi mulki a ƙarshen 1917, yawancin malaman jami'a sun juya musu baya. Polivanov yana cikin 'yan kaɗan da suka ba su haɗin kai nan take, kuma abokan aikinsa da yawa ba su yafe masa wannan ba. An ba shi ragamar sashen ƙasashen Gabas a sabuwar ma'aikatar harkokin waje ƙarƙashin Leon Trotsky. Tsofaffin ma'aikatan sun ƙaurace wa ofis, saboda haka mai jin harsuna da yawa ya zama abin nema. Ya taimaka wajen fassara da wallafa yarjejeniyoyin sirri da gwamnatin sarki ta ƙulla da wasu ƙasashe. Bai daɗe a can ba, ya bar ma'aikatar a farkon 1918 bayan saɓani da Trotsky. Daga nan ya yi aikin siyasa a cikin leburori 'yan ƙasar Sin da ke Petrograd, ya shiga jam'iyyar Kwaminis a 1919, ya kuma zama farfesa a jami'arsa. A 1921 ya koma Mosko ya yi aiki na ɗan lokaci a sashen Gabas Mai Nisa na Comintern, ƙungiyar jam'iyyun kwaminis ta duniya.

Ya kamu da shan miyagun ƙwayoyi, jarabar da ta bi shi har ƙarshen rayuwarsa, ta kuma sa aka dakatar da shi daga jam'iyya a 1926. Marubuci Veniamin Kaverin ya gina wani ɗan wasa mai suna Dragomanov a kansa a ƙagaggen labarinsa Skandalist: haziƙin malami mai rikitacciyar rayuwa. Hoton ya manne masa, kuma abokan gaba sun yi amfani da shi daga baya.

Tashkent da Mosko

Daga ƙarshen 1921 zuwa 1926 yana Tashkent, yana koyarwa yana kuma bincike. Zamani ne da gwamnati ke ƙoƙarin samar wa al'ummomi da dama daidaitaccen harshe da ƙa'idojin rubutu da littattafan makaranta. Harsunan Turkawa na yankin da haruffan Larabci ake rubuta su, kuma taron masana da aka yi a Baku a 1926 ya goyi bayan komawa haruffan Latin. Polivanov yana cikin masanan da suka yi wa wannan sauyi aiki. Ya rubuta nahawun Uzbek da ƙaramin ƙamus na Rashanci da Uzbek, ya kuma rarraba kare-karen harshen. Ya nuna cewa kare-karen birane irin su Tashkent da Samarkand sun rasa jituwar wasali, wadda ta zama ruwan dare a harsunan Turkawa, saboda doguwar cuɗanya da masu magana da Tajik, yayin da na karkara da dama suka riƙe ta. Batun ba na aji kawai ba ne, domin yawan wasulan da za a sa a sabon abjadi ya dogara da karin da aka zaɓa. Haruffan Latin ɗin ma ba su yi ƙarko ba: zuwa 1940 an mayar da Uzbek kan haruffan Rashanci.

A 1926 aka kira shi Mosko ya jagoranci sashen kimiyyar harshe na wata babbar cibiyar bincike, yana kuma koyarwa a makarantun harsunan Gabas. Shekaru uku da suka biyo baya su ne mafi albarka a rayuwarsa. A 1928 ya fitar da littafin gabatar da kimiyyar harshe wanda ya rubuta musamman don ɗaliban harsunan Gabas, inda misalan suka fito daga Japananci da Sinanci da Koriya da harsunan Turkawa maimakon Latin da Girkanci da aka saba. A 1930 aka buga nahawun Japananci na baka da ya rubuta tare da O. V. Pletner, da nahawun Sinanci na zamani da ya rubuta tare da A. I. Ivanov.

Ra'ayoyinsa a kan harshe

Maƙalarsa da aka fi ambata a wajen Rasha ita ce wadda ta fito da Faransanci a 1931 a mujallar ƙungiyar masana harshe ta Prague, a kan yadda mutum ke jin sautukan baƙon harshe. Ya yi bayanin cewa mai sauraro yana jin baƙuwar kalma ne ta cikin tsarin sautin harshensa na gado, har yakan ji abin da ba a furta ba. Misalinsa shi ne kalmar drama. Japananci bai yarda da baƙaƙe biyu a jere a farkon gaɓa ba, don haka ɗan Japan yana jin wasali a tsakaninsu. Wasalin da harshen ya saba sakawa shi ne u, amma d ba ya zama gaban u ba tare da ya koma z ba. Mai sauraro sai ya zaɓi ɗaya: ya riƙe d ya ce dorama, ko ya riƙe u ya ce zurama. Hausa ta bi irin wannan hanya da kalmar ta samar da dirama, kamar yadda ta samar da direba da burodi. Nikolai Trubetzkoy ya ɗauko misalan Polivanov a babban littafinsa na tsarin sauti na 1939, kuma masu nazarin koyon harshe na biyu suna komawa ga maƙalar har yanzu.

Ya kuma nemi dalilin da ke sa harshe sauyawa. A ganinsa babban abin da ke tura sauyin sauti shi ne son rage wahalar furuci, amma buƙatar a fahimci juna tana taka masa burki. Ya raba sauye-sauyen gida biyu: haɗewa, inda sautuka biyu ke zama ɗaya, da rabuwa, inda ɗaya ke zama biyu, ya kuma nuna cewa galibi suna tafiya tare. Japananci na da misali mai kyau: gaɓoɓin da a da ake bambanta su a matsayin zi da di, da kuma zu da du, sun haɗe a Tokyo, alhali karin Tosa ya daɗe yana riƙe da bambancin. Game da tasirin al'umma kuwa, ra'ayinsa shi ne juyin juya hali ba ya sauya nahawu kai tsaye. Abin da yake sauyawa shi ne waɗanda ke magana da daidaitaccen harshe da waɗanda suke cuɗanya da su, daga nan sauyin ke ratsa harshen sannu a hankali. Roman Jakobson, wanda suka riƙa musayar wasiƙu da shi, ya amfana da waɗannan ra'ayoyi.

Karo da Marr

Nikolai Marr masani ne da ya yi suna a nazarin harsuna da kayan tarihin yankin Kaukasus. A shekarun 1920 ya fito da abin da ya kira sabuwar koyarwa a kan harshe. Ya yi watsi da batun dangin harsuna da hanyar kwatanta su, ya ce ilimin 'yan jari-hujja ne. Ya yi iƙirarin cewa harshe abu ne na aji kamar yadda dukiya take, cewa duk harsuna suna bin matakai iri ɗaya gwargwadon tattalin arziki, kuma duk kalmomin duniya sun samo asali daga gaɓoɓi huɗu: sal, ber, yon da rosh. Babu wata hanya ta gwada wannan da hujja, amma an lulluɓe shi da rigar Markisanci, kuma masu neman matsayi sun rungume shi.

A ranar 4 ga Fabrairu 1929 Polivanov ya gabatar da jawabi a Kwalejin Kwaminisanci da ke Mosko. Ya yaba wa Marr a fannonin da ya ƙware, sannan ya bi misalansa na asalin kalmomi ɗaya bayan ɗaya yana nuna inda suka saɓa wa abin da aka tabbatar game da tarihin harsunan. Bai yi magana a matsayin abokin gabar Markisanci ba. Shi kansa yana son a gina kimiyyar harshe ta Markisanci, amma yana ganin dole a gina ta a kan abin da bincike ya tabbatar, ko da waɗanda suka gano shi ba 'yan gurguzu ba ne. Muhawarar da ta biyo baya ta koma tuhuma. Cikin waɗanda suka yi magana, masanin harsunan Silab Grigory Ilyinsky ne kawai ya tsaya masa sosai. Sauran sun bar batun kalmomi suka koma kan asalin gidansu da halayensa, har aka ƙirƙiro kalmar zagi daga sunansa don yi wa duk mai irin ra'ayinsa tambari.

Kafin shekarar ta ƙare ya rasa muƙamansa, ya koma Samarkand, daga baya Tashkent. A 1931 ya yi nasarar fitar da tarin maƙalu a Mosko mai taken neman kimiyyar harshe ta Markisanci, wanda ya sake tayar da ƙura. Bayan wannan, madaba'un Mosko da Leningrad sun rufe masa ƙofa. Abin da ya rage masa shi ne ƙananan mujallun Asiya ta Tsakiya da kuma Prague.

Shekarun ƙarshe

A 1934 ya koma Frunze, wato Bishkek ta yau, babban birnin Kirgizistan. Lafiyarsa ta raunana, kuɗi sun yi ƙaranci, manyan ɗakunan karatu kuma suna nesa, amma bai daina aiki ba. Ya fassara sassan Manas, doguwar waƙar baka ta jarumtar Kirgizawa, zuwa Rashanci, ya kuma nazarci tsarinta. Ya duƙufa a kan harshen Dungan, al'ummar Musulmi da suka yi hijira daga arewa maso yammacin Sin zuwa daular Rasha wajen 1877 da 1878. Harshensu reshe ne na Sinanci mai karin sauti, amma da abjadi ake rubuta shi, saboda haka ya haɗa abubuwan da Polivanov ya fi sani. Ya yi aiki tare da mawaƙin Dungan Yasyr Shivaza. A nan ne kuma ya rubuta ƙamus na kalmomin kimiyyar harshe wanda bai ga fitowarsa ba.

Kamu da kisa

A 1937 kame-kamen gwamnatin Stalin sun kai ƙololuwa. Dangantaka da Japan ta yi tsami tun bayan da ta mamaye Manchuriya a 1931, kuma duk wanda ya taɓa zama a Japan ko yake jin harshenta ya zama abin zargi. Hukumar 'yan sandan ciki ta NKVD ta kama Polivanov a Frunze ranar 1 ga Agusta 1937, aka kai shi Mosko. An zarge shi da cewa Japanawa sun ɗauke shi aikin leƙen asiri tun lokacin tafiye-tafiyensa na bincike, wato tafiye-tafiyen da ya yi yana rubuta yadda masunta ke furta kalmomi. An tilasta masa sa hannu a takardar amsa laifi, amma a gaban kotu ya janye ta. Sashen soja na Kotun Ƙoli ya yanke masa hukuncin kisa ranar 25 ga Janairu 1938, aka zartar a ranar. Yana da shekara 46. An binne shi a Kommunarka, filin da ke kudancin Mosko inda aka zuba gawarwakin dubban waɗanda aka harbe. An kama matarsa, 'yar asalin Estoniya, ta mutu a tsare.

Ba shi kaɗai ba ne. An harbe A. I. Ivanov, abokin aikinsa a nahawun Sinanci, a 1937. An harbe Nikolai Nevsky, masanin Japananci da harsunan Ryukyu da rubutun Tangut, tare da matarsa 'yar Japan a Nuwamba na wannan shekara. Ilyinsky da ya goya masa baya a 1929 shi ma an kashe shi a 1937. Nikolai Konrad, wanda aka kama a 1938, ya fito da rai a 1941, kuma a hannunsa ne aka sake gina nazarin Japananci a jami'o'in ƙasar.

Bayan mutuwarsa

Marr ya mutu a 1934, amma koyarwarsa ta ci gaba da mulkin sassan harshe har zuwa Yuni 1950, lokacin da Stalin da kansa ya rubuta maƙala a jaridar Pravda ya rushe ta. Da yawa daga cikin hujjojin da aka dawo da su a lokacin su ne waɗanda Polivanov ya kawo shekara 21 kafin nan, sai dai ba a ambaci sunansa ba, domin har lokacin maƙiyin al'umma ne a hukumance. An ci gaba da amfani da tsarinsa na rubuta Japananci duk tsawon waɗannan shekaru.

Bayan wanke shi a 1963, an yi taron tunawa da shi a Samarkand a 1964. A 1968 aka buga zaɓaɓɓun maƙalunsa a Mosko ƙarƙashin kulawar A. A. Leontiev, fassarar Ingilishi ta biyo baya a 1974, sannan Murayama Shichiro ya fassara ayyukansa a kan Japananci zuwa harshen a 1976. Ƙamus ɗin da ya rubuta a Frunze ya fito a 1991. Rubuce-rubucensa da dama sun ɓace bayan kama shi, ciki har da juzu'i na biyu na littafinsa na 1928.